Yadda Na Kai Damin Fari Doha

Tun da na dawo daga Doha ban huta ba. A coci a tare ni, a kasuwa a tare ni, har mai niƙa sai da ya kashe injinsa ya ce, "Malama Saratu, wai da gaske kallon ƙwallo kika je?" To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi maƙwabcinsa. E, da tikitin ƙwallo na shiga ƙasar, don a lokacin gasar duniya ba a shiga sai da shi, ni da ban san wace raga ce tamu ba. Amma ba ƙwallo ta kai ni ba. Jikata na je gani, wadda aka haifa cikin korona ban taɓa ɗaukarta ba. Sannan akwai saƙon coci da na riƙe, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Bari in koma baya kaɗan saboda yaran yanzu. Cocinmu na Tashar Marke, a takarda Presbiteriyan ne, amma duk garin nan Cocin 'Yan Kalaba ake ce masa, ko da yake yau in ka shiga, daga waƙa har wa'azi Hausa za ka ji. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa shi, mutanen kudu, su kaɗan da matansu. A rumfar kaya ta tasha suka fara sujada. Da aka cika rumfar da buhunan gyaɗa sai suka koma gindin marke, har damina ta same su a can. Wata Lahadi ruwa ya tsuge musu suna tsakiyar waƙa. Malam Haruna tela, wanda gidansa ke kallon tasha, ya leƙo ya ga mata da goyo sun jiƙe sharkaf, ya ture kekensa gefe ya ce su shigo zaure. Daga ranar, kowace Lahadi da safe sai ya kwashe yadinsa ya bar musu wurin, har suka gina nasu.

Da kaka ta yi suka so gode masa. Sun ga kowa na noman dawa, su ma suka noma, mutanen da doya da rogo kawai suka sani. Kakata ta ce damin da suka kawo ko jaki zai raina shi, ga wani ɗauri a karkace mai ƙulli biyu, kamar na ƙunshin kifi. Babbansu ya tsaya a ƙofa, da Hausarsa ta tasha ya ce, "Mun kawo na fari." Malam Haruna ya danne dariya ya ce, "Zaure a buɗe yake." Shi ke nan fa, abu ya zama al'ada. Duk ranar godiyar kaka, kafin a yi gwanjon komai, sai a ɗaure damin farko da wannan karkataccen ɗauri, dattijon coci mafi tsufa ya kai, a yi waɗannan kalmomi biyu. Matan gidan kuma su dama kunu da dawar, su aiko mana a babbar ƙwarya. Lokacin yaƙin basasa da 'yan Kalaba suka watse, a zauren nan aka ɓoye bencina da littattafan waƙa, har iyayenmu na ƙauyuka suka shigo gari suka ci gaba da cocin. Bayan Malam Haruna, ɗansa Alhaji Garba ne ya riƙa karɓa.

Sai ga korona. Aka rufe coci, aka hana taro, kuma a cikin kullen Allah ya yi wa Alhaji Garba rasuwa. Ɗansa Auwalu, wanda na koyar a firamare, yana Doha yana aikin gadi. Babu jirgi, bai ga gawar ubansa ba. Mu ma ba mu je gaisuwa a taro ba, ɗaya-ɗaya muka je da takunkumi a fuska, muka tsaya daga nesa. Da hanya ta buɗe Auwalu ya zo, ya kai mahaifiyarsa wurin ƙanwarsa a Zariya, ya sa wa zaure kwado, ya koma bai sallami kowa ba. Wallahi na ji zafin wannan. Na yi ta kiran wayarsa ba ya ɗauka, na ce lallai yaron nan fushi yake da mu.

Sabon Rabaran ɗinmu mutumin kirki ne, amma ba a nan ya tashi ba. Ya ce al'ada ta bi mai ita, a bar ta haka. To mu 'yan Presbiteriyan ko tsintsiya za a saya sai dattawa sun zauna an ɗaga hannu. Muka zauna. Ni ce yanzu mafi tsufa a cikinsu, na ce ga shi zan je Doha, a ba ni damin. Aka yanke cewa in Auwalu ya karɓa za a ci gaba, in ya ƙi an rufe maganar har abada. Ana haka 'yata Rifkatu, wadda ke aikin nas a can, ta bugo ta ce ba za a bar ni in shiga da zangarniya ba. Sai aka sake zama, wai shin gari dami ne? Elda Bitrus ya ce gari ba dami ba ne, tuwo ne da bai dahu ba. Elda Yakubu ya ce to ai tun farko ciki aka nufa da shi. Har shayinmu ya huce. A ƙarshe aka amince a sussuke, a niƙa, a zuba a leda, a ɗaure bakinta da igiyar damin, ɗaurin 'yan Kalaba.

A kan cinya na riƙe ledar nan har Abuja. Tayar motarmu ta fashe a hanya, kowa ya sauka, ni da kayana a hannu, har wata mata ta tambaye ni ko magani ne. A jirgi kuwa aka haɗa ni da wani Alhaji ɗan Kano mai furfura, ya sa rigar ƙwallo a kan jamfa. Ya ce, "Hajiya, wa kike goyon baya?" Na ce, "Wanda ya fi ladabi." Ya yi dariya har da tari, daga nan ya ɗauki karatu, ya yi ta koya mini dokokin wasa har barci ya cece ni.

A filin jirgin Doha ne aka yi ta. Jakata ta wuce ta cikin na'ura, sai aka janye ta gefe. Wani jami'i ya ciro leda, ya ɗaga, ya dube ni. Sai a lokacin na ga abin da idonsa ke gani: tsohuwa daga Najeriya da gari a leda, an ɗaure da igiyar kaba. Ya ɗauko almakashi zai yanke igiyar, na ce da Turancina na aji, don Allah ya huda ledar ta ƙasa, kada ya taɓa ƙullin. Ai kuwa wannan ya ƙara masa zargi. Aka kira wannan, aka kira wancan. Can sai ga wani baƙin dogo, ashe ɗan Sudan ne, ya lakato garin ya sansana, ya ɗanɗana, fuskarsa ta washe. "Dura!" in ji shi, wato dawa a bakinsu. Ya kama yi wa sauran bayani yana juya hannu kamar mai tuƙa tuwo. Suka liƙe hudar da salatif, suka miƙo mini. Ya ce, "Halas, Mama, yalla." Na gane an gama ke nan, in wuce.

Gidan Rifkatu yana unguwar Sadd, can sama a bene, sai an shiga lif. Na ware hannu zan rungumi jikata Na'omi, yarinya ta kwasa da gudu ta ɓuya bayan uwarta, tana nuna waya tana cewa, "Kaka tana ciki." A waya kawai ta san ni. Na yi dariya, amma da na shiga ɗaki sai da na share hawaye. Dakuwa da 'yar tsala ne suka shirya mu daga baya.

Ƙasar rairayi ce, amma da suwaita na riƙa kwana saboda sanyin na'ura. Maƙwabta ba sa gaisawa. Ni kuwa duk wanda na haɗu da shi a lif sai na tambaye shi gida da iyali, har Rifkatu ta ce, "Mama, za su ɗauka kuɗi kike nema." Abincinsu shinkafa ce da rago, ta sha kayan ƙamshi, ba laifi, sai dai babu miya, ka yi ta laluben abin da za ka haɗiye da shi. Shayinsu mai madara da suke kira karak kuwa, wannan kam na sallama. Abin da ya fi ɗaure mini kai jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ba direba. Ni 'yar tasha, wadda ta tashi tana ɗaga wa direban jirgi hannu, na je har gaba na leƙa, ba kowa sai wasu yara suna ɗaukar hoto. Ƙwallon ma na je, tunda an biya. Na gyangyaɗa, ihu ya tashe ni, na miƙe ina tafi, ashe mutanen da muke zaune cikinsu aka ci.

Ran Juma'a ake zuwa coci a can, don ita ce ranar hutu. Wurin yana bayan gari, coci-coci da yawa cikin katanga ɗaya, ba ƙararrawa, ba gicciye daga waje. Layi-layi ake yi, Indiyawa su fito, 'yan Filifin su shiga, sannan mu. Ina zaune a benci ina kallon wurin. Na ce a raina, ashe a nan ma zauren wani aka ara mana.

Neman Auwalu kuwa, Rifkatu ta haɗa ni da direban da ke kai ta aiki, Baba Musa, mutumin zangon Kumasi. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" yake ce mini. Ina shiga mota ya ce, "Mama, ka zo kallon Gana? Ina Najeriya, ban gan su ba." Na ce, "Mun bar wa yara su ma su ɗana." Ya ce in ba shi kwana kaɗan, Bahaushe ba ya ɓata a Doha, ko a masallaci ko a gidan tuwo za a gan shi. Haka kuwa aka yi. Ya kai ni Wakra, wani gini kusa da bakin teku, ga Auwalu a ƙofa cikin kayan gadi, ya rame.

Da ya gan ni sai ya durƙusa a kan kwalta. "Malama! Ke ce?"

"A'a, fatalwata ce. Tashi, marar kunya. Wayarka ta faɗa rijiya ne?"

Na yi masa gaisuwar mahaifinsa yadda ya kamata, irin wadda korona ta hana ni. Sannan na buɗe jaka. Yana ganin igiyar nan ya kau da kai.

"Malama, ba a nan ba. Ina bakin aiki."

"To a ina?"

"Zan kira ki."

Bai kira ba. Kwanakina suna ta ƙarewa, leda tana kan tebur tana kallona. Na fara shirya abin da zan faɗa wa dattawa, ina jin Elda Bitrus a kunnena yana cewa dama ya faɗa. Na tambayi Baba Musa ko yaron ya tsane mu ne. Ya girgiza kai. "Mama, ba ƙiyayya ba ne. Ka san inda yake kwana? Gado kan gado, su da yawa a ɗaki ɗaya. Ina zai sa baƙo?" Na ce to kai ni can. Ya ce gidan maza ne zalla. Na ce na haifi wanda ya girme su, ya ja mota.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a wata tsohuwar unguwa da ake kira Farij Abdul'aziz. Ashe Baba Musa ya riga ya tsegunta wa 'yan ɗakin. Muna hawa bene na ji ana ta jan ƙarfe. Sun fitar da gado ɗaya baranda, sun kwashe shanyar kaya, sun shimfiɗa darduma, har da turare, ko da yake bai ci ƙarfin warin safa ba. Sun jeru suna "Sannu da zuwa, Mama," ɗan Sakkwato, ɗan Gombe, ɗan Tamale. Auwalu kaɗai ba a gaya wa ba. Ya dawo da sallayarsa a kafaɗa ya tarar da ni a tsaye a bakin ƙofa, don na ƙi shiga. A ƙofa ake tsayawa, haka aka gada.

Na ɗaga ledar da hannu biyu na ce, "Mun kawo na fari."

Ya sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Malama, da wane baki zan amsa? Ni na sa wa zauren nan kwado da hannuna. Kakana ya buɗe, babana bai taɓa rufewa ba, ni na rufe. Ban binne shi ba, ban zauna a gidansa ba. Nan kuwa ko gadon da nake kwana na kafil ne, mai aikinmu. Kunya ce ta hana ni ɗaukar wayarki. Ba ni da zaure."

Ashe duk fushin da na ƙulla masa a raina, yaron kunya ce ke cinsa. Tausayi ya kama ni, amma na san in na yi laushi zai fashe da kuka gaban abokansa, sai na ɗauko muryar aji.

"Kai Auwalu, ka san zauren nan lokacin kakanka? Kana tsammani fada ce? Na bunu ne, yana yoyo ta kusurwa, da dare awaki ke kwana ciki. 'Yan Kalaba sai sun share kashin awaki kafin su yi waƙa. Babanka ne ya sa masa kwano. Kakanka bai tsaya duba ko wurin ya isa ba, keke kawai ya ture. Su waɗannan bayin Allah gado suka ture. To hannuna ya gaji, ni ba yarinya ba ce."

Ɗan Sakkwaton ya ce, "Amsa mata mana, Auwalu, ka bar tsohuwa a tsaye."

Ya dubi ɗakin, ya dubi gadon da ke baranda. Ya ajiye sallaya, ya goge hannunsa a riga, ya matsa daga bakin ƙofa. A hankali ya faɗa, amma kowa ya ji.

"Zaure a buɗe yake."

Ya karɓa da hannu biyu, na shiga. Ni da nake hana shi kuka, ni na fara.

Dama na zo da tsamiya a jaka, don ban yarda da maza ba. Ɗan Sakkwaton ya ce shi zai dama, na tsaya a kansa a kicin ɗinsu ina faɗa, duk da haka sai da ya yi gudaji. A kofunan takarda muka sha, har wasu 'yan Nepal na ɗakin kusa suka leƙo aka ba su. Baba Musa ya kurɓa ya ce kokon Kumasi ya fi, aka yi masa ca. Auwalu bai yar da igiyar ba, na ga ya rataye ta a ƙarfen gadonsa.

Da zan tafi ya ce, "Malama, saura ƙwaryar coci. Kunu ba zai kai Tashar Marke ba." Ya ciro tarin makullan aikinsa, ya yi ta fama da farce har ya zare wani ƙarami da ya yi tsatsa. Ashe tun da ya rufe zauren yake yawo da shi. Ya sa mini a tafin hannu. "Ki kai musu wannan. A buɗe, a share, a sa randa a ƙofa yadda Baba yake yi. Zan gaya wa Inna. Baɗi in ina nan, ƙanin babana ya karɓa a madadina, in kuwa Allah ya sa na dawo, ni da kaina."

A bakin zani na ƙulle makullin nan, ban kwance ba har gida. Na'omi ta yi kuka a filin jirgi ta riƙe mini gyale, wannan ma riba ce.

Da na dawo dattawa suka zauna, na ajiye makulli a kan tebur na ba da labari. Elda Bitrus ya buɗe baki zai ce wani abu game da gari, ya fasa. Ba a ma ɗaga hannu ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na zama Elda. Ranar Asabar muka je da matan zumunta. Kwadon ya ƙi, sai da aka ɗiga masa man keke. Keken ɗinkin Alhaji Garba yana nan a lulluɓe, muka share kewayensa ba mu motsa shi ba. Da na waiwaya sai ga Rabaran ya naɗe hannun riga yana yaye yanar gizo. Muka kira Auwalu a waya muka nuna masa ƙofar a buɗe da randa a gefe, bai iya cewa komai ba sai "Na gode, na gode."

Muna shirin tafiya Rabaran ya biyo ni da guntun kaba a hannu, yana sosa ƙeya. Ya ce, "Mama, ɗaurin nan na 'yan Kalaba, ko za ki nuna mini? Kada baɗi ta zo ba wanda ya iya sai ke."

Na nuna masa. Ya zauna a dakalin zaure ya ɗaura, ya miƙo mini yana murmushi. Ɗan manomi ne, hannunsa ya saba, ɗaurin ya fito tsaf, ƙulli ɗaya, ba inda ya karkace.

Na ce, "Warware, ɗana. Ya yi kyau da yawa. Sake."